Ƙato da gemu yana kallon Spider-Man, to sai me?

Daren Asabar da ta wuce muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maradi, shayi na biyu yana kan gawayi, sai aka lura maƙwabcinmu tela bai fito ba. Aka aiki yaro ya dubo shi. Yaron ya dawo ya ce yana ciki, shi da 'ya'yansa suna kallon Spider-Man, wai a ajiye masa na uku. Fada ta kwashe da dariya.

Wani dattijo a cikinmu, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, shi bai yi dariya ba. Kai ya girgiza ya ce, "Ƙato da gemu, furfura ta fara fito masa, ya zauna yana kallon mutum na lilo da zaren gizo. To yaushe yaran nan za su ji tsoronsa?"

Ban tanka ba a wurin, don ba a jayayya da babba a gaban yara masu zuba shayi. Amma maganar ta kwana da ni.

Ni dai ban ga laifin tela ba. Hasali ma, tsakanin shi da mu goma sha ɗaya da ke zaune a bakin titi a daren nan, shi kaɗai ne zai iya rantsuwa ya faɗi inda 'ya'yansa suke da abin da ke shiga idonsu. Mu sauran sai dai mu ce suna gida, in sha Allah.

Telan nan ya ba arba'in baya. Shagonsa na wajen babbar kasuwa, kuma in sallah ta gabato ba ya ganin katifarsa sai asuba. A ɗakinsa akwai wata akwatin ƙarfe irin ta amare ta da, cike da littattafan zane, waɗanda muke ce wa bede tun muna lakwal, wato makarantar boko: Zembla, Akim, Blek, da 'yan Strange da suka tsira. Wasu ba bango, wasu gara ta ɗanɗana gefensu. Waɗanda suka fara zubar da shafi ya bi bayansu da zare da allura, ɗinki mai kyau irin na wuyan riga. Maiɗakinsa kishiya take kiran akwatin. Da finafinan suka zo a faifai, daga baya suka koma cikin salula, sai ya bi su can, ya ja yaransa huɗu.

Wai wasan yara ne

Wannan ita ce suka mafi sauƙi, ita ce kuma mafi rauni. A fadar nan tamu akwai magidanta biyu da suka yi mako guda ba sa gaisawa saboda Real Madrid da Barcelona. Akwai wanda ba ya barci sai ya kalli fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, inda jarumi ɗaya ke watsa mutum hamsin da ƙafa guda, mota ta tashi sama ta juya sau uku. Ba wanda ya taɓa ce musu yara. In lokacin kokawar takobi ya yi, Maradi gaba ɗaya kan koma gaban tele da rediyo, alhazai da 'yan kabu-kabu, kowa na ihu. Ni ma ina cikinsu.

Ashe ba kallon ne abin kunya ba. Mun dai ware wani irin kallo mun ce na manya, wani mun ce na yara, ba tare da wani ma'auni ba sai sabo.

Kuma tarihin abin ma ba na yara kaɗai ba ne. Superman ya fara fitowa a 1938, wasu samari biyu 'ya'yan baƙin haure a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙire shi, suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 ta Amurka, suka ƙare rayuwarsu suna kallon wasu na kwasar dukiya da shi. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man a 1962. Yaron da ya karanta Spider-Man na farko yau ya haura saba'in. Masu yin finafinan sun san da haka, shi ya sa suke dafa su yadda uba da ɗa za su ci a kwano ɗaya.

Abin da ke ƙarƙashin maganar

Ku sake duba abin da dattijon ya faɗa. Bai ce fim ɗin zai lalata yaran ba. Cewa ya yi yaushe za su ji tsoronsa. A nan gizo ke saƙar.

Mu Hausawa mun gaji wani irin zama tsakanin uba da ɗa. Uba ya yi sallama, gida ya yi tsit. Ɗan fari ko sunansa ba a kira. Hira da dariya da tatsuniya na uwa ne da kaka, uba nasa cefane da tsawa. Akwai kyau a cikin wannan kunyar, ba na musu, ni ma a cikinta na tashi, kuma har Babanmu ya rasu ban taɓa zama kan kujera yana tsaye ba. Amma zan faɗi gaskiya: ban san abin da ke ba shi dariya ba. Na san abin da ke ɓata masa rai ɗaya bayan ɗaya, na haddace su kamar karatun allo. Abin da yake so kuwa, sai bayan rasuwarsa na riƙa ji daga bakin abokansa.

Wannan tsarin ya yi aiki lokacin da duniyar yaro ba ta wuce tsakar gida, makarantar allo da dandali ba, inda duk babban da ya gan shi yana ɓarna zai kwaɓe shi. Yau yaro na ƙudundune cikin gidan sauro, salular yayansa na hannunsa, duniya duka na zuba cikin idonsa. Tsoron uba ba ya shiga gidan sauro. Abin da tsoro ke koya wa yaro a irin wannan hali shi ne ya rage ƙarar, ya share abin da ya kalla.

Yaran tela ba sa ɓoye masa kallo, don shi ne abokin kallon. Ranar da babban ɗansa ya kwaso wani fim wajen masu turawa a kasuwa, shi da kansa ya kawo wa uban ya ce, "Baba, ga wani sabo." Uban ya duba suna ya ce wannan ba naku ba ne. Deadpool ne, fim ɗin da ko a Amurka ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallonsa ba tare da babba ba, saboda batsar baki da zubar da jini. Yawancin sauran ma alamar shekara 13 ake sa musu. Tela ya san wannan bambancin don yana cikin abin. Uban da bai taɓa kallo ba zai ga mutum cikin jan kaya ya ɗauka zanen yara ne, ya wuce fada.

Ga masu ganin sakin fuska ga yaro zubar da girma ne, akwai hadisin da kowa ya sani. Al-Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ban kawo wannan don halatta fim ba, wannan fagen malamai ne. Na kawo shi ne don a daina jingina ɗaurin fuska da addini.

Ƙarya ce tsagwaronta

Ƙarya ce mana. Wa ya ce gaskiya ce?

Abin da ke ba ni dariya shi ne mu ne za mu yi ƙorafin an ba mutum siffar gizo. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, Gizon da ke yaudarar zaki da kura, ya auri 'yar sarki da wayo. Kakanninmu sun san ƙarya suke shirgawa, har sun tanadi hatimin da ake rufe ta da shi: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Yaro ɗan shekara biyar ya san da an ce "ga ta nan ga ta nanku" an shiga wata duniya, da an ce ƙurunƙus an fito.

Ƙarfin ban mamaki ma ba baƙonmu ba ne. Layar zana, baduhu, sagau, ɗan tauri da wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa, wane yaro ne a Maradi bai ji labarinsu ba? Bambancin kawai, namu ana ba da su ne da sunan gaskiya, har wani ya sayar da akuyarsa ya kai wa boka. Ban taɓa jin wanda ya sayar da akuya don ya sayi garkuwar Captain America ba. In ana maganar haɗari ga aƙida, ni na fi tsoron ƙaryar da ke sanye da rigar gaskiya.

Sai dai akwai wurin da dole a tsaya. Cikin jaruman nan akwai Thor, wanda aka ɗauko daga abin bautar mutanen arewacin Turai na da, kuma a cikin finafinan ana kiransa da sunan da mu ba ma ba kowa sai Mahalicci. Akwai masu tsafi, akwai masu dawo da matattu. Yaro ƙarami zai iya rikicewa. To wa zai warware masa? Na tambayi tela yadda yake yi. Ya ce tsayar da fim ɗin yake, ya tambaye su, "Wa ke rayawa, wa ke kashewa?" Su amsa, ya ce to wannan tatsuniyar Turawa ce, a ci gaba. Minti ɗaya. Amma sai kana zaune a wurin za ka iya danna maɓallin.

Yaro zai kwaikwaya

Zai kwaikwaya, kuma ya kwaikwaya. Autan tela na maza ya taɓa ɗaura ɗankwalin uwarsa a wuya ya diro daga kan katangar bayi. Ya yi targaɗe, aka kai shi wajen mai ɗori, unguwa ta samu abin faɗa na mako biyu.

Ni kuma a zamaninmu Bruce Lee ne. Duk wanda ya fito daga silima sai ya gwada ƙafa a kan ƙanensa. Kafin mu kuma kaboyi ne. Tun a 1966 Mustafa Alasan, ɗan ƙasar nan, ya yi fim a kan wannan ciwon: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Wato shekara kusan sittin ke nan muna wannan kukan, kuma waɗanda aka yi kukan a kansu su ne dattawan da ke girgiza kai a fada yau.

Su ma Amurkawan sun yi nasu firgicin. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa littattafan zane ne ke mayar da yara 'yan ta'adda. Majalisar dattawansu ta zauna a kan batun, kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Sai a 2012 wata mai bincike ta bi takardunsa ta gano ya murɗa maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Faransa kuwa tun 1949 ta yi dokar sa ido kan littattafan yara, shi ya sa Strange ɗin da ya iso hannunmu an riga an rage masa zafin wasu zane-zanen.

Yaro mai tsalle zai yi tsalle, ko da fim ko babu. Mu da ba mu da tele ai daga kan mangwaro muke faɗowa a gulbi.

Abin da na gani a aji

A nan zan tona wa kaina asiri. Ni mushe ne, wato malamin lakwal, na daɗe ina riƙe da ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare. A shekarun farko na aikina, duk yaron da na kama da bede a ƙarƙashin tebur sai na ƙwace, wani lokaci na yaga a gabansa. Haka aka yi mini, haka na ɗauka ake yi.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba. In na ce ya karanta littafin aji sai ya yi ta in-ina, yana bin harafi da yatsa, gumi na karyo masa. Rannan a lokacin hutu na tarar da shi bayan aji, yara shida sun kewaye shi, yana karanta musu wani yagaggen Akim. Yana karanta Faransancin, yana juya musu da Hausa, har da canza murya in mugu ne ke magana. Ba in-ina, ba gumi. Na tsaya bayan taga kamar ɓarawo har ya kai ƙarshe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yaronmu yana shiga lakwal ne da Hausa a bakinsa, a miƙa masa shafi cike da baƙaƙen harshen da ba a yi da shi a gidansu. A bede kuwa hoto na riƙe masa hannu. Ya ga mutum ya zaro ido yana gudu, ya ga kalma uku a saman kansa, ya gane ma'anarsu ba tare da ƙamus ba. Jimlolin gajeru ne, kuma yana son ya san abin da zai faru a shafi na gaba, abin da littafin aji bai taɓa sa shi ya so ba. Da yawa daga cikin 'yan bokon ƙasar nan da ke taƙama da Faransanci, in za su faɗi gaskiya, wajen Zembla da mujallar Kouakou suka fara tsintarsa, ba wajen mushe ba.

'Yar tela ta biyu tana ajina bara. Ba ita ce ta fi kowa lissafi ba, amma in aka zo rubuta labari, nata na da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma mutanen ciki suna magana.

Inda nake tare da masu suka

Kada a ɗauka na ce abin tsarkakakke ne. Kaya ne na sayarwa, kuma kowane kaya na ɗauke da ƙanshin gidan da ya fito. Captain America ya fara bayyana ne a 1941, a bangon farko yana naushin Hitler, tun daga ranar kuma jaruman nan ke koya wa duniya cewa in masifa ta taso, mai ceto daga Amurka zai fito. Shigar da ake yi wa matan ciki ba irin wadda za ka so 'yarka ta saba da gani ba ce. Su Zembla da Akim ɗin da muke ƙauna ma, in ka sake buɗe su da idon manya, me za ka gani? Farin mutum ne sarkin daji, baƙaƙe kuwa ko masu ɗaukar kaya ko masu jiran a cece su. Mun karanta muna tafi, ba mu lura a wane gefen hoton aka ajiye mu ba.

Da Black Panther ya fito a 2018 an yi ta murna, ni ma na ji daɗin ganin baƙar fata a gadon sarauta. Amma jarumin nan Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙire shi a New York tun 1966, ƙasar tasa ma babu ita a taswira, kuɗin kuma can suka koma.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba tela ne mai laifin ba. Ina namu? Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, rundunar da ta bar gawarwaki a Birnin Ƙonni, kuma a nan jiharmu, wajen Maijirgi kusa da Tasawa, labarin hafsoshin biyu ya ƙare a hannun sojojinsu. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniyar a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Yara nawa ne a Maradi suka taɓa ganinsa? Ga Ɗan Kasawa da kafuwar garin nan, ga Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa, ga Ƙaura Hasau. Ga ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga bakin gulbi zuwa tudu. Ga Kantu, wanda filin kokawarmu ke ɗauke da sunansa. Kowane ɗaya zai cika littafin zane goma, amma yaronmu ya san sunan kawun Spider-Man bai san waɗannan ba.

Kuma ba a ce ba mu iya ba. Mustafa Alasan ɗin nan da na ambata yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, da kwaɗinsa masu shugaban ƙasa, tun a shekarun 1960. A Kodebuwa Marguerite Abouet ta ɗauki rayuwar unguwarsu ta Yopougon ta mayar da ita bede a 2005, duniya ta saya. Mu kuwa tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ka zaga masu sayar da littattafai a kasuwa ka nemi labarin zane guda na Hausa da za ka saya wa ɗanka da jika ɗaya, ka ga wahalar da za ka sha.

To wa zai zana su? Ba ɗan da aka yaga wa littafi a gaban aji ba. In za a samu, daga irin gidan tela za a samu, inda yaro ya ga babba na daraja takarda mai hoto har yana ɗinke ta da zare. Yarinyar nan da na ce tana ajina, bayan kayenta na lissafi, wato littafin rubutunta, cike yake da zane. Na taɓa kamawa zan yi faɗa, sai na ga ɗan kokawa ne ta zana, da layu a damtse da gurunsa a ƙugu, ya ɗaga wani mai baƙar riga da kunnuwan jemage sama zai kayar. Na mayar mata da kayen na ce ta gama lissafin tukuna.

Washegarin daren fadar, da hantsi, na leƙa shagon tela. Yana kan keke, bakinsa da allura. Na ce ya ara mini biyu daga cikin akwatin in kai aji ranar Juma'a. Ya dube ni ta saman tabarau, don ya san tarihina da yagar littafi, yaransa sun ba shi labari. Da yamma ya aiko autan da su cikin leda, an naɗe da ƙyallen shadda. Yaron ya durƙusa ya miƙo ya ce, "Mushe, Baba ya ce a gaishe ka, wai ya ƙirga shafukan."